Monika ta Tagaste, Uwar Agustin

Darasinmu na wannan karo a kan addu'a ne: addu'a domin marasa lafiya, da addu'a domin gidajen da babu jituwa a cikinsu. Kafin a shiga labarin, ya kamata shugaban aji ya sa a karanta Yaƙub 5:13-18, da 1 Bitrus 3:1-9, da Luka 18:1-8. Sa'an nan mu duba yadda waɗannan koyarwa suka bayyana cikin zaman wata mace, 'yar ƙasarmu ta Afirka, wadda ta rasu fiye da shekara 1,600 da suka wuce. Sunanta Monika. Ba ta rubuta littafi ba, ba ta kuwa riƙe wani muƙami cikin ikilisiya ba. Abin da muka sani game da ita ɗanta Agustin ne ya rubuta, yawancinsa cikin littafin da ya shirya tsakanin shekara ta 397 da ta 400, inda ya furta zunubansa da yabonsa a gaban Allah. Bai ɓoye kurakuranta ba, mu ma ba za mu ɓoye ba, gama labarin da aka wanke shi sarai ba shi da amfani ga masu fama irinmu.

Gidan iyayenta

An haifi Monika wajen shekara ta 331 a Tagaste, wani ƙaramin gari na kan tudu cikin ƙasar Numidiya. Yau ana kiran wurin Suk Ahras, yana gabashin Aljeriya, ba nisa da iyakar Tunisiya. A zamanin nan ƙasar tana hannun Romawa, arzikinta kuwa alkama ne da zaitun. Tun shekara ta 313 Sarki Konstantin ya ba masu bi izini su yi sujada a fili, saboda haka Monika ta tashi cikin kwanakin sauƙi, ko da shi ke tsofaffin ƙasar sun ga tsanani da idonsu.

Iyayenta masu bi ne, amma wadda ta fi ɗaukar nauyin tarbiyyarta wata tsohuwar baiwa ce, wadda ta goyi mahaifin Monika tun yana jinjiri. Mutanen gida suna ganin girmanta saboda tsufanta da kyawun halinta. Tsohuwar tana da tsanani ƙwarai. Ba ta yarda 'yan matan gida su sha ko da ruwa sai lokacin cin abinci. Dalilinta shi ne, yarinyar da ba ta iya hana kanta ruwa ba, ran da ta yi aure aka danƙa mata mabuɗin ɗakin ajiya, ba za ta iya hana kanta ruwan inabi ba.

Duk da wannan horo Monika ta yi tuntuɓe. Iyayenta su kan aike ta ta ɗebo ruwan inabi domin abincin gida, bisa ga al'adar ƙasar. Da fari ta kan taɓa da leɓe kawai, don ƙiriniya. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ta kai ga shanye ƙoƙo cike. Wata kuyanga da ta kan raka ta ta san asirin. Ran nan faɗa ya haɗa su, kuyangar ta zage ta da mashayiya. Maganar ta soke ta har zuci, ta ga munin abin da ta ke yi, ta daina tun daga ranar. Ita da kanta ta ba ɗanta wannan labari. Shi kuwa ya ga cewa Allah ya ɗauki zagin mai fushi ya yi aiki da shi kamar wuƙar likita, ya yanke ruɓa da sara ɗaya.

Gidan mijinta

Da ta isa aure aka ba da ita ga Fatrisiyus, ɗan majalisar garin Tagaste, mai 'yan gonaki, ba mai dukiya da yawa ba. Shi ba mai bi ba ne. Mutum ne mai fara'a da kyauta idan ransa yana fari, amma mai saurin fushi ainun, ba ya kuma riƙe amanar aure. Monika ta san da neman matansa. Ba ta taɓa tayar da rigima a kan wannan ba. Ta sa ranta ga jinƙan Allah, tana jiran ranar da mijin zai ba da gaskiya, bangaskiya kuma ta tsabtace shi.

Ga dabararta game da fushinsa. Sa'ad da ya hasala, ba ta tsaya masa, ko da magana, ko da aiki. Ta kan bari sai ya huce, sa'an nan ta nemi lokacin da ya dace ta bayyana masa dalilin abin da ta yi, idan ya yi fushin ba bisa kan hanya ba. Watau ba shiru ta yi har abada ba, lokacin magana ta ke zaɓa. Matan garin da yawa, waɗanda mazansu ba su kai Fatrisiyus zafi ba, su kan fito da tabon duka a fuska, suna mamaki yadda ba a taɓa jin ya ɗaga mata hannu ba, ba a kuwa taɓa jin sun wuni cikin gaba ba. Ta kan gaya musu, rabi wasa rabi gaskiya, su lura da harshensu, su kuma tuna cewa takardar auren da aka karanta musu ta mai da su kamar bayi ne ga mazansu.

A nan sai mu yi hankali. Haka dokar Romawa da al'adar zamanin suka ajiye mace, Monika kuwa ta nemi hanyar zama cikin abin da ta tarar. Ba mu kawo labarinta domin mu wanke mijin da ke dukan matarsa ba, ko mu ce laifin na matar ne. Wasiƙar Bitrus da ta yi wa mata gargaɗi, ita ce kuma a aya ta 7 ta umurci maza su girmama matansu, ta kuma nuna cewa mijin da ya ƙi, addu'arsa za ta toshe. Macen da a ke duka, daidai ne ta nemi dattawan ikilisiya da danginta su shiga tsakani, wajibi ne kuma su ji kukanta. Abin koyi wurin Monika shi ne mulkin harshe, da sanin lokaci, da kuma wannan: ba ta fid da zuciya ga mijinta ba.

Akwai kuma uwar miji a gidan. Tun farkon zuwan Monika kuyangi suka riƙa kai tsegumi, har tsohuwar ta ƙullace ta. Monika ba ta rama ba, sai ladabi da haƙuri. A ƙarshe uwar mijin ta gane inda wutar ta ke tasowa, ta je da kanta wurin ɗanta ta faɗi sunayen masu kai da kawowa, ta ce a hore su. Fatrisiyus ya sa aka yi musu bulala, irin hukuncin da a ke yi wa bayi a lokacin, abin da ba mu yaba ba. Daga nan ba wanda ya sake shiga tsakaninsu, suka zauna lafiya kamar uwa da 'ya.

Wata baiwa kuma da Allah ya ba ta ita ce sulhu. Idan mata biyu suka saɓa, kowace ta zo ta amayar mata da ɗacin zuciyarta game da ɗayar, Monika ba ta ɗaukar maganar wannan ta kai wa waccan, sai abin da zai kawo shiri kaɗai. Sauran ta binne. Wannan ƙaramin abu ne a faɗa, amma kowa ya san gidaje nawa da ikilisiyoyi nawa suka tsage saboda rashinsa. A duba Misalai 26:20.

Ta haifa wa Fatrisiyus 'ya'ya maza biyu, Agustin da Nabigiyus, da kuma 'ya mace. An haifi Agustin ran 13 ga Nuwamba, 354. Wajen shekara ta 370 Fatrisiyus ya shiga cikin masu koyon bangaskiya, ya kuma karɓi baftisma kafin ya rasu wajen 371. Monika tana da shekara kamar 40 ta zama gwauruwa, ba ta sake aure ba. Mijin da ta yi shekaru tana roƙon Allah dominsa, ta same shi gab da ƙarshe.

Ɗan da ya bauɗe

Sa'ad da Agustin yana yaro, ciwon ciki ya kama shi farat ɗaya, har aka ga kamar zai mutu. Yaron ya roƙa a yi masa baftisma, uwar ta tashi a gigice tana shiri. Kafin a gama sai ya warke, aka kuwa ɗage baftismar. Mutanen zamanin suna tunanin gara saurayi ya gama sheƙe ayarsa tukuna, domin zunubin bayan baftisma ya fi nauyi. Daga baya Agustin ya yi baƙin cikin wannan jinkiri. Jikinsa ya sami lafiya, aka bar ransa da cutarsa.

Yaro ne mai kaifin basira. Iyayen suka tura shi makaranta a Madaura, sa'an nan suka dawo da shi gida shekara guda domin kuɗi ya ƙare. Yana da shekara 16, ba aiki, sai yawo da abokan banza. Monika ta keɓe shi ta gargaɗe shi da tsoro ƙwarai kada ya yi fasikanci, balle ya kusanci matar wani. Ya ɗauki maganar tamkar surutun mata. Amma ita ma tana da nata rabon laifi, gama ba ta so a yi masa aure a lokacin ba, don kada mata ta tare masa hanyar ilimi da ɗaukaka.

Da taimakon wani attajirin garin mai suna Romaniyanus aka kai shi Kartaj, babban birnin Afirka ta Romawa, kusa da inda Tunis ta ke yau, domin ya koyi fasahar magana. Can ya ɗauki wata mace suka zauna ba aure, ta haifa masa ɗa wajen 372, aka sa masa suna Adeyodatus. Wajen 373 kuma ya shiga ɗariƙar mabiya Mani. Su suna koyar da cewa haske da duhu iko biyu ne masu yaƙi tun fil azal, suna raina Tsohon Alkawari, suna musun cewa Almasihu ya ɗauki jiki na gaske. Koyarwarsu ta yi wa saurayin daɗi, gama ta ce masa ba shi ne mai zunubi ba, duhun da ke cikinsa ne. Ya zauna cikinsu wajen shekara 9.

Da ya komo Tagaste da wannan koyarwa a bakinsa, Monika ta hana shi zama a gidanta da cin abinci tare da ita. Ta yi kuka dominsa fiye da yadda uwaye ke kukan gawa. Sai ta yi mafarki, ta ga kanta tsaye a kan wani katako na awo, wani saurayi mai haske ya tambaye ta dalilin baƙin cikinta, ya ce ta duba, inda ta ke nan ɗanta ya ke. Ta waiwaya, sai ga shi tsaye kusa da ita. Da ta ba shi labari, ya so ya juya ma'anar, wai ita ce za ta zo inda ya ke. Nan take ta gyara masa, ta ce ba haka aka faɗa mata ba. Bayan wannan ta buɗe masa ƙofa. Ba ta yarda da koyarwarsa ba ko kaɗan, amma ta daina korarsa.

Ta kuma je wurin wani bishof ta roƙe shi ya yi muhawara da ɗan. Bishof ɗin ya ƙi. Shi kansa an rene shi cikin ɗariƙar nan, ya kuwa fita daga cikinta ta wurin karatun littattafansu. Ya ce saurayin yana cike da girman kai na sabon shiga, ba zai ji ba tukuna. A bar shi, a yi ta addu'a dominsa. Ta nace da kuka har ya gaji, ya sallame ta da cewa ba shi yiwuwa ɗan da aka zubar wa hawaye haka ya hallaka. Ta karɓi maganar kamar daga sama ta fito.

Addu'ar da aka ƙi, da wadda aka amsa

A shekara ta 383 Agustin ya ƙudura zai haye teku zuwa Roma. Monika ta bi shi har bakin ruwa a Kartaj, ta riƙe shi, ko ya fasa ko ya tafi da ita. Sai ya yi mata ƙarya, ya ce wani aboki ya ke rakiya har iska ta yi kyau. Ya lallashe ta ta kwana a wani ɗakin addu'a da aka gina don tunawa da Kifriyanus, bishof na Kartaj wanda aka kashe saboda bangaskiya a 258. Tana ciki tana roƙon Allah ya hana tafiyar, jirgin ya tashi da dare. Da gari ya waye ta fito bakin teku, ba jirgi, ba ɗa. Ta yi kuka mai zafi, ta zarge shi da yaudara da rashin tausayi, sa'an nan ta koma ga yi masa addu'a, ta tafi gida.

A ganinta Allah ya toshe kunnensa. Ashe ta hanyar tafiyar nan ce za a ba ta abin da ta daɗe tana nema. Allah ya ƙi roƙon dare ɗaya domin ya amsa roƙon shekaru. Agustin ya kuma lura cewa ƙaunarta tana da gauraye, gama tana son ya kasance kusa da ita fiye da kima, azabar rabuwa kuwa ta zama mata horo.

Da isarsa Roma zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da shi a gidan wani ɗan ɗariƙarsu, har ya kai bakin kabari. A wannan karo bai nemi baftisma ba, yana ma yi mata ba'a. Uwar tana hayin teku, ba ta san yana ciwo ba. Amma ba ta fasa al'adarta ba: zuwa majami'a sau biyu kowace rana, safe da maraice, ba don hira ba, sai don ta ji Maganar Allah, Allah kuma ya ji roƙonta, da ba da sadaka, da yi wa masu bi hidima. Agustin ya tashi daga ciwon, ya kuma tabbata daga baya cewa addu'ar uwarsa ce Allah ya duba. Mu lura: mai ciwon bai yi addu'a ba, mai addu'ar ba ta san da ciwon ba, duk da haka Allah ya haɗa su.

Milan

A 384 aka naɗa Agustin malamin fasahar magana a Milan, inda fadar sarkin Romawa na yamma ta ke a lokacin. Bishof na birnin Ambros ne, mai wa'azi mai iko. Agustin ya fara zuwa jinsa don ya auna iya maganarsa kawai, amma ma'anar ta riƙa shiga tare da kalmomin. A 385 Monika ta biyo shi. A kan teku hadari ya taso musu, ita ce ta riƙa ƙarfafa zuciyar matuƙan jirgi. Da ta iso, ɗan ya gaya mata ya rabu da mabiya Mani, amma bai zama mai bi ba tukuna. Ba ta yi tsalle ba. Ta amsa a natse cewa ta gaskata za ta gan shi mai bi kafin ta bar duniya. Agustin ya kwatanta ta da gwauruwar Nayin ta cikin Luka 7, mai bin makarar ɗanta har Ubangiji ya tsai da masu ɗauka.

A Afirka ta saba kai abinci da gurasa da ruwan inabi kaburburan waɗanda aka kashe saboda bangaskiya. A Milan mai tsaron ƙofa ya hana ta, ya ce bishof ya haramta wannan. Ta bari ba gardama, ta mai da abin ya zama taimakon matalauta. A 386 kuma Yustina, uwar Sarki Balentiniyan na Biyu, wadda ta ke bin koyarwar Ariyus mai musun allahntakar Almasihu, ta nemi a ƙwace wata majami'a a ba mutanenta. Jama'a suka tare a ciki dare da rana tare da Ambros, sojoji suna kewaye. Monika tana cikin na gaba wajen tsaro da addu'a. A kwanakin nan ne aka soma raira waƙoƙi da zabura a Milan irin yadda ikilisiyoyin gabas ke yi, domin kada mutane su karai.

Amma a Milan ɗin ne kuma ta yi abin da ya fi nauyi a cikin labarinta. Tana so ɗanta ya yi auren da ya dace da matsayinsa, tana fata aure zai kai shi ga baftisma. Ta nema masa wata yarinya, wadda saura shekara 2 ta isa aure bisa ga doka. Ta roƙi Allah kowace rana ya nuna mata wani abu game da auren nan, bai nuna mata kome ba, duk da haka aka ci gaba. Aka raba Agustin da uwar ɗansa, wadda ta zauna da shi fiye da shekara 12 cikin amana. Matar ta koma Afirka, ta bar ɗanta a baya, ta yi wa'adi ga Allah ba za ta ƙara sanin namiji ba. Ko sunanta ba a rubuta ba. Zuciyar Agustin ta yi rauni mai zurfi, bai kuwa iya jira ba, ya ɗauki wata mace. Auren da aka shirya bai taɓa yiwuwa ba. Mai yawan addu'a ma ya kan yi wa Allah gaggawa, ya gyara da hannunsa, wani marar ƙarfi ya biya kuɗin gyaran.

Amsa

A watan Agusta na 386 Agustin yana cikin lambun masaukinsu yana kuka saboda ya kasa rabuwa da zunubinsa. Ya ji muryar yaro daga maƙwabta tana maimaita wata 'yar waƙa mai cewa a ɗauka a karanta. Ya ɗauki wasiƙun Bulus ya buɗe, idonsa ya faɗa kan Romawa 13:13-14. Bai bukaci ya wuce nan ba. Shi da abokinsa Alifiyus suka shiga gida suka gaya wa Monika. Ta yi murna, ta yabi Allah wanda ya ke yin fiye da abin da mu ke roƙo. Shekara 13 ke nan tun da ɗan ya shiga ɗariƙar Mani.

A lokacin ƙirjinsa yana ciwo, numfashi yana yi masa wuya, muryarsa ta raunana. Da wannan dalili ya ajiye aikin koyarwa. Suka koma wani gidan gona a Kasisiyakum, na abokinsu Berekundus. Monika ce ke lura da gida, tana kuma zama cikin tattaunawarsu a kan Allah da rai mai albarka, ɗanta yana sa a rubuta amsoshinta tare da na masu ilimi. A can haƙori ya kama shi da ciwo har ya kasa magana. Ya rubuta a kan allo mai kakin zuma yana roƙon waɗanda ke wurin su yi addu'a dominsa. Suna durƙusawa ke nan ciwon ya tafi, har shi kansa ya tsorata. A daren Idin Tashin Almasihu, 24 ga Afrilu, 387, Ambros ya yi wa Agustin baftisma, tare da Alifiyus da Adeyodatus.

Ostiya

Suka shirya komawa Afirka. Suka sauka Ostiya, tashar jiragen ruwa ta Roma a bakin kogin Taiba, suna hutawa kafin su shiga teku. Wata rana uwa da ɗa suka jingina a taga mai duban lambu, su biyu kaɗai, suna zancen rai madawwami, har duniya da daɗinta suka zama ba kome a idonsu. A ƙarshen zancen ta gaya masa ba ta ga abin da ya rage mata a duniya ba, gama abu ɗaya da ta so ta daɗe dominsa Allah ya ba ta, har da ƙari.

Bayan kwana biyar ko kusa da haka zazzaɓi ya kama ta. Ta suma, ta farfaɗo, ta ga 'ya'yanta biyu tsaye a kanta, ta ce musu a nan za su binne uwarsu. Nabigiyus ya nuna fatansa ta mutu a gida, ba a baƙuwar ƙasa ba. Ta hana shi. Da can ta riga ta shirya wa kanta kabari kusa da na mijinta a Tagaste, tana kuwa so ƙwarai a haɗa su. Yanzu ta saki wannan ma. Ta ce su binne jikin ko'ina, kada su damu, su dai tuna da ita a gaban teburin Ubangiji duk inda su ke. Ta riga ta gaya wa abokan ɗanta cewa ba wurin da ya yi wa Allah nisa, ba kuwa zai rasa inda zai tashe ta ba. Cikin ciwon ta yaba wa Agustin, ta ce ba ta taɓa jin magana mai zafi daga bakinsa ba. Ƙaryar bakin teku ta riga ta gafarta.

A rana ta 9 ta ciwon ta rasu, cikin shekararta ta 56, a 387. Agustin ya rufe mata ido. Adeyodatus ya fashe da kuka, aka rarrashe shi. Abokinsu Ebodiyus ya ɗauki littafin Zabura ya fara raira Zabura 101, dukan gida suna amsawa. Agustin ya danne hawayensa har aka gama jana'iza, sai da ya farka shi kaɗai a kan gadonsa ya sake su, ya yi kukan wadda ta yi shekaru tana kuka dominsa.

Wadda addu'arta ta tashi ɗanta daga zazzaɓi a Roma, zazzaɓi ne ya ɗauke ta a Ostiya, ba a warkar da ita ba. Bangaskiyarta ba ta ragu ba tsakanin 383 da 387, ƙaruwa ta yi. Saboda haka kada kowa ya gaya wa majinyaci cewa rashin warkewarsa alamar rashin bangaskiya ce. Bulus ma ya roƙa sau uku a kawar masa da ƙaya, aka ba shi alheri maimakon abin da ya roƙa, kamar yadda 2 Korintiyawa 12:7-10 ta nuna.

Agustin ya koma Afirka a 388. A Kartaj ya sauka gidan wani mai suna Innosentiyus, wanda likitoci suka yi wa aiki, suka kuma sa ranar sake yanka shi. Daren kafin ranar shugabannin ikilisiya suka yi addu'a tare da shi, Agustin yana wurin. Da safe likitoci suka kwance ɗaurin, suka tarar miki ya rufe. Gidan nan ya kira likita, ya kuma kira masu addu'a, bai ga saɓani tsakaninsu ba. A 391 aka keɓe Agustin domin hidima a Hippo, garin da a ke kira Annaba yau, daga baya ya zama bishof a can, ya rasu ran 28 ga Agusta, 430. Littattafansa sun ciyar da ikilisiya har yau. A 1430 aka ɗauke ƙasusuwan Monika zuwa Roma. A 1945 kuma waɗansu yara suna haƙa rami kusa da wata majami'a a Ostiya suka tono gutsuren dutsen da aka rubuta a kan kabarinta.

Tambayoyi domin aji

1. Monika ta kan jira mijinta ya huce kafin ta yi magana. Mene ne bambanci tsakanin wannan da shirun tsoro? Me 1 Bitrus 3:7 ta ke bukata daga wurin maza, me kuma ya wajaba ga dattawa idan an kawo musu kukan duka?

2. Wace magana ce ka ji a wannan mako wadda ya kamata ta mutu a wurinka?

3. Monika ta kori ɗanta, sa'an nan ta karɓe shi ba tare da ta yarda da koyarwarsa ba. Ƙaƙa iyaye masu bi za su yi da ɗan da ya bar hanya?

4. Ku gwada ciwon Roma, da ciwon haƙori, da ciwon Ostiya. Me su ke koya mana game da Yaƙub 5:15?

5. Wa ya sha wuyar shirin auren Milan? Akwai wanda mu ke tattakewa cikin gaggawarmu ta gyara gidajenmu?

A rufe da addu'a. Kowa ya riƙe sunan majinyaci ɗaya, da sunan mutum ɗaya wanda ba sa shiri da shi, ya kai su gaban Ubangiji yau, ya kuma ɗauki alkawari zai ci gaba da kai su kowace rana har aji ya sake haɗuwa. Wanda ya ke da iko ya je ya gai da majinyacin, ya kuma nemi ɗan'uwan nan su shirya, kada ya tsaya ga addu'a kaɗai.